Gwamma da Mai Fiton Matattun Girka

Ranar da ruwan randar Gwamma ya koma ruwan gishiri, wata bakwai ke nan da aka aiko mata da jakar ɗanta ba tare da ɗan ba. Gwamma mai bandar kifi ce a Yawuri, tsohuwa mai faɗa, wadda ko akuyar maƙwabta ba ta ratsa ƙofar gidanta sau biyu. Ɗan nata Badamasi shi ne na fari, shi kaɗai kuma ya rayu cikin shida da ta haifa. Masunci ne ɗan masunta. Ya bi wasu ya tafi ƙasar Girka aikin jirgin kamun kifi, ya yi shekara uku, sai aka ce wai ya faɗa teku da rana tsaka, ruwa kwance, ba iska ba hadari. Mutumin da ya iya iyo tun bai iya tafiya ba! Ta je wurin wanda ya kai shi, ya ce ta yi haƙuri. Ta shiga ofis uku a birni, kowane ya ce ta yi haƙuri, na ukun ma bai ɗago kai ya dube ta ba. Sai ka ce haƙurin ne zai zo ya gaishe ta da safe.

Ta kurɓi ruwan ta tofar. Ta zubar, ta ɗebo wani a kogi, ya sake komawa gishiri. A karo na uku sai ga kan kififiya ya ɓullo daga bakin randar.

Kififiya ta ce, "Ya ke 'yar Adam, ki daina zubar da ni, na sha tafiya. Daga tekun Girka na taso. Zagin da kike yi a bakin kogi kullum safiya, ruwa yana gangaro mana da shi har can, ya hana mu sakat. Ɗanki bai mutu ba. Tsofaffin aljanun ƙasar ne suka ja shi, waɗanda mutanen zamanin da can suke yi wa yanka suna ce musu alloli."

Gwamma ta ce, "A'uzubillahi. Uban me ya yi musu?"

"Ba a aiko ni da dalili ba. Zan kai ki ki yi ƙararki a gabansu. Amma ki sani, ni kaiwa nake yi, ba na dawo da kowa. In kin karɓo shi, shi zai tuƙo ki gida. In ba ki karɓo shi ba, can za ki tsufa."

"Na riga na tsufa. Matsa in shiga."

Ta gyara ɗaurin zane, ta ƙulla busasshen kifi a gefen mayafi, ta cusa kai cikin randar. Randar ba ta da gindi. Kwana bakwai tana riƙe da ƙoƙon bayan kififiya suna nutso cikin duhun ruwa. Suka wuce wani kifi da idonsa ɗaya ya fi rumbu girma. Suka wuce wani wuri da ruwa ke juyawa kamar ana dama shi, har ya yage mata rabin mayafi. Suka wuce kan jiragen da suka nitse, da mutane kwance a cikinsu, baƙaƙe irin namu, maza da mata da goyonsu. Gwamma ta sa kififiya ta rage gudu, ta bi su fuska fuska tana dubawa. Ba ya ciki. Amma kowanne ta duba, ta san akwai wata tsohuwa a wani gari da aka ce wa ta yi haƙuri.

Kififiya ta ajiye ta a gaɓa, ta nuna mata wani dutse, ta ce, "Ki hau can, sunan wurin Dalfi. Akwai wata mai duba da sarakunan zamanin da can suke zuwa tambaya." Ta nitse ba sallama.

Gwamma ta hau har gwiwoyinta suka yi tsami. Ta tarar da gari matacce, ginshiƙai farare a kakkarye, ba rufi ko ɗaya. Ga Turawa nan da gajerun wanduna da manyan huluna suna ta ɗaukar hoton ɓaraguzai, wani yana yi musu bayani yana ɗaga 'yar tuta. Ta yi musu sallama, ba wanda ya gan ta. Sai ta ji warin wani hayaƙi, ita kuwa da hayaƙi ta girma, ta san wannan ba na itace ba ne. Ta bi shi bayan wani bango. A can ƙasa ta tsage, hayaƙin yana fita, wata tsohuwa tana zaune a kan kujera mai ƙafa uku a bisa tsagar, fatarta kamar tsohuwar salka.

Mai duba ta ce, "Wace ce wannan da ta zo ba akuya, ba turare, ba rawar jiki?"

"Ni ce Gwamma. Sannu da hutawa, Iya. Ɗana na zo nema, naku suka sace shi."

"Faɗi sunansa, hayaƙi ya nemo shi."

Gwamma ta kawar da kai. "Ɗan fari ne."

"Na ji. Sunansa fa?"

"Na ce miki ɗan fari ne! A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Da kunya. Shekara talatin da huɗu sunan nan bai taɓa fita bakina ba."

"To da me kike kiransa?"

"In ce, 'Kai, ja'iri!' Ya kuwa zo."

Mai duba ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Ya ke baƙuwa, a ƙasar nan wanda ba a kira sunansa ba, babu shi. Dube ni. Ba wanda ya tuna nawa, shi ya sa waɗancan masu huluna ba sa ganina. Hayaƙina ba ya neman ja'iri."

"Ba an ce kin san kome ba?"

"Na sani lokacin da ake tambayata. An daɗe ba a tambaya, sanin ya ruɓe a cikina. Ki je arewa, dutsen Olimbos, can sarkinmu yake. Ƙara tasa ce, ba tawa ba."

Gwamma ta yi tsaki. "Har ku ma? Wannan ya tura ka can, wancan ya tura ka can. Allah ya isa."

Ta kama hanyar arewa da ƙafa. Kwana goma sha tara. Ta ratsa wani kwari da tsuntsaye masu bakin ƙarfe suka yi ta caccakar kanta, sai da ta watsa musu rabin kifinta suka rabu da ita. Ta ƙetare wata gada da ke ƙara tsawo duk taku ɗaya, har sai da ta juya ta bi ta da baya sannan ta ƙare. Da ta fara hawan Olimbos sai ƙasa ta koma fara, ta ɗauka garin tuwo ne aka zubar, ashe ƙanƙara ce, ta taka, sanyi ya cije ta har ƙashi. 'Yan yatsunta biyu na ƙafar hagu suka yi baƙi, suka daina jin kome. Ta ci gaba da rarrafe.

A ƙololuwa ta sami fada ba rufi, da kujerun dutse a jere, yawancinsu ba kowa. A kan babbar akwai wani ƙato, ƙirjinsa kamar bangon masallaci, amma ba shi da kai. A gefensa wasu uku: ɗaya ba hanci, ɗaya ba ƙafa, ɗaya rabi ne kawai.

Gwamma ta durƙusa. "Ranka ya daɗe. Ko da yake ban ga inda zan duba ba."

Murya ta fito daga ƙirjin kamar tsawa mai nisa. "Kaina yana wata ƙasa, an sa shi a gilashi ana kallo. Ni ma ina da ƙarar da ban sami mai ji ba. Faɗi taki."

"Ɗana kuka ɗauke. Masunci, baƙi, dogo, da tabon ƙugiya a babban yatsa. Ku ba ni abina."

"Mun san shi. A kudancin ƙasar nan akwai kogo a Tainaro, a cikinsa akwai kogin matattunmu. Mai fitonmu ya tsufa, hannuwansa suka zube. Matattu suka taru a gaɓa suna kuka, kukansu yana hawowa har nan. Sai muka ga wani a teku yana riƙe da filafilin tuƙi kamar da shi aka haife shi. Muka ɗauke shi."

"Haka kawai? Kamar an tsinci mangwaro?"

"Haka muka saba tun da."

"To sabon banza ne! Ba ku tambaya ko yana da uwa ba? Matattunku ne, ku goya su mana. Shi Musulmi ne, ina ruwansa da gawar wasu? Kuma yaushe rabon da wani ya mutu a addininku, da har fiton bai ƙare ba?"

Mai rabin jiki ya ce, "Ba ya ƙarewa. In an kai su waccan gaɓa sai su manta sun iso, su nemi a dawo da su."

Gwamma ta dafe kai da hannu biyu. Ta ga ɗanta yana tuƙi daga nan zuwa can, daga can zuwa nan, har tashin duniya.

Sarkin ya ce, "Mai ƙara, faɗi sunan wanda kike ƙara a kansa, a yanke hukunci."

Ta buɗe baki, ta rufe. Ta ce, "Kun san shi ai."

Ukun nan suka kwashe da dariya. Marar hanci ya ce, "Ta ratso teku ta hau dutse, ta kasa ɗaga kalma ɗaya. Anya ita ta haife shi?"

Ta zabura. "Ni na haife shi, a cikin kwalekwale, ni kaɗai, na yanke cibiyar da wuƙar fawar kifi! Kai wa ka haifa, marar hanci?"

Sarkin ya buga hannu a kujera, dutsen ya girgiza. "Ga hukunci. Ki je Tainaro. Kina da kira ɗaya tak. In ya amsa miki kafin jirginsa ya bar gaɓa, naki ne. Ya amsa ko bai amsa ba, daga wannan kiran muryarki ta zama tamu, don mun daɗe ba mu ji murya mai zafi irin taki ba. Kin yarda?"

"Wannan ba shari'a ba ce, fashi ne. Ku ɗauke mini ɗa, sannan in biya da harshena?"

"Kin yarda?"

Ta dubi kujerun da ba kowa. Ba wata fada sama da wannan. Ta ce, "Na yarda. Allah yana gani."

Iska ta sure ta ta yar a kudu, a wata ƙasa mai duwatsu da ƙaya, ba inuwa sai ta itatuwan zaitun da suka karkace. Kifinta ya ƙare. Kwana biyu tana jan ƙafa, sai ta faɗa wani fili inda mata farare na dutse suke tsaye, sun fi arba'in, ba mai hannu ko ɗaya a cikinsu. Suka kewaye ta, ƙafafunsu suna niƙa tsakuwa.

Babbarsu ta ce, "Ya ke mai hannu biyu, ba ki wucewa sai kin bar mana su."

"Ku yi me da su? Duk sun ƙone da wutar banda."

"Tun da aka karya namu bayanmu yake ƙaiƙayi, ba mai sosawa."

Gwamma ta ce, "Shi ke nan abin? Ku juya." Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana susa. Dutse ne, ba fata ba. Kafin ta kai ta ashirin farcenta sun cinye, kafin ta kai ta ƙarshe jini take shafa musu. Suna ta nishi suna sa mata albarka da wani yare. Da ta gama, babbar ta tambayi labarinta, ta gaya mata duka.

Babbar ta ce, "Uwa, kin yi mana alheri, bari in gaya miki abin da na sani. Ni ma a cikin mantuwa nake. Ba abin da nake so kamar wani ya kira sunana sau ɗaya. Wanda yake cikin duhu, sunansa yake ƙishi. Kira ɗaya gare ki. Kada ki ɓata shi a zagi."

Maganar ta zauna wa Gwamma a ƙirji. Tana tafiya sai ta tuna wata rana yana ɗan shekara takwas, ta zuba masa tuwo, ya ɗago kai ya ce, "Inna, kin ma san sunana kuwa?" Ta ƙwala masa ludayi a ka, ta ce ya ci ya tashi. Bai sake tambaya ba. Har ranar da zai tafi Girka, a tasha, ya durƙusa yana jiran ta ce wani abu, ita kuwa ta kalli gefe ta ce, "To, ja'iri, sai ka dawo." Abin da ya tafi da shi ke nan.

Ta tsaya a kan hanya ta gwada a ranta, don kada ta ɓarar da kiran. Leɓɓanta suka haɗu za su yi harafin farko, kunya ta rufe ta kamar ta tuɓe a kasuwa. Ta sake. Ta yi ta sakewa har ta iso inda ƙasa ta ƙare.

Tainaro wani tsinin dutse ne da ya kutsa cikin teku. Rana tana tsaka, ruwa yana ƙyalli. A gindin dutsen akwai baki a buɗe, da wani dogo siriri mai launin toka zaune a ƙofar.

Ya ce, "An sanar da ni zuwanki. Ki shiga har bakin ruwa. Kada ki taɓa ruwan. Kira ɗaya."

Ta gangara. Sanyi, da warin laka. Can ƙasa ga kogi baƙi, ba ya motsi, ga matattu dubbai a gaɓa, marasa nauyi kamar hayaƙi, suna turereniya. Sai ta ji ƙarar filafili. Ko a mafarki ta san wannan bugun: biyu a dama, ɗaya a hagu, yadda ubansa ya koya masa. Jirgin ya fito daga duhu. Shi ne. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, gemu ya cika masa fuska, tafin hannunsa ya zama ɗanyen nama. Bai dubi kowa ba. Ya dafa gaɓa, matattu suka duru, ya juya mata baya, ya kafa filafili zai tura.

Kalmomi biyu suka taso mata a maƙogwaro tare. Ɗaya ta saba da hanya, da kanta take fita. Gwamma ta danne ta. Ta ce a ranta, yau dai, ko sau ɗaya, ya ji uwarsa ta san sunansa. Ta cika ƙirji, ta saki duk abin da ta ɓoye shekara talatin da huɗu.

"Badamasi!"

Kogon ya ɗauka ya yi ta maimaitawa. Bayansa ya ƙage. Filafilin ya tsaya. Bai juyo ba. Ya yi 'yar dariya marar daɗi, ya ce da duhun da ke gabansa, "Kun sake? Kullum sai kun ari muryarta kun kira ni don ku ga na yi kuka. Na gaya muku, ku ba ku san ta ba. Innata ba ta kama sunana."

Ya tura. Jirgin ya bar gaɓa.

Gwamma ta wage baki za ta ƙwala ɗaya kalmar, ja'iri. Ba abin da ya fita. Ko iska. Ta dafe wuya, ta yi ta ƙoƙari kamar mai amai, shiru. Ta ruga bakin ruwa, dogon nan ya riƙe ta ta baya. Jirgin yana nisa, taku biyar, taku goma. Sai ta sunkuya ta cire silifanta na dama, ta auna, ta wurga da duk ƙarfin da ya rage mata. Ya same shi a ƙeya, tas, daidai inda ya saba samunsa tun yana yaro.

Ya daskare. Ya sunkuya ya ɗauki silifan daga cikin jirgin. Ya juya shi, ya ga inda aka ɗaure maɗaurin da zaren komar kamun kifi. Ya kai hanci, ya ji hayaƙin banda.

"Inna?"

Ya waiwayo. Ya gan ta, ƙafa ɗaya ba takalmi, hannuwa jina-jina, baki a buɗe.

"Inna! Na'am! Na'am, Inna, ga ni!"

Ya juya jirgin da ƙarfi, yana buga ruwa kamar mahaukaci. Amma kogin da ba ya motsi ya tashi ya ja shi baya, duk bugu ɗaya sai ya ƙara nisa. Dogon ya ce, "Jirgi ya bar gaɓa kafin ya amsa. Hukunci ya cika." Ya ɗauke ta kamar ƙullin kaya ya hau da ita, tana cizonsa tana harbi, ya dire ta a waje cikin rana. Bakin kogon ya fara haɗewa.

Kafin ya rufe, dogon ya leƙo ya ce, "Ya ke 'yar Adam, ba na ƙin ki, amma zan gaya miki gaskiya. Da ya riga ya fid da rai, yana tuƙinsa shiru, ba ya jin kome. Yanzu ya san kin zo. Ba zai sake samun wannan shirun ba."

Dutsen ya haɗe, ko tsaga babu.

Gwamma ta dudduba. Teku a gaba, ba kififiya. Wasu masu huluna su biyu suka gangaro, suka tsaya dab da ita suka ɗauki hoton dutsen, suka yi dariya, suka wuce. Ta ɗauki wani dutse ta yi ta dukan bangon har ya farfashe a hannunta, bangon ko gezau. Ta rasa wanda za ta zaga, ta rasa abin da za ta zage shi da shi.

Da ƙarfinta ya ƙare sai ta zauna, ta manna kunne a jikin dutsen. Can ƙasa, nesa ƙwarai, tana jin sa. Bai daina ba.

"Na'am, Inna. Na'am. Sake kira, ina ji."